Ƙurajen Jiber da maganin asiklobir: ina kuɗin asusu za su fara zuwa?

 

Duk wadda ta taɓa riƙe littafin asusu ta san ba kowane rance ke tafiya wajen jari ba. Sau da yawa rashin lafiya ce ke kawo mace gaban akwati da gaggawa, kuma cikin cututtukan akwai wadda ba a son faɗi a gaban jama'a, wato ciwon fata. Sai ki ji an ce "ƴar lalura ce ta taso", a karɓi jika biyar a tafi. Bayan mako biyu a dawo neman wasu. Idan aka bi sawun kuɗin, sai a tarar sun ƙare wajen mai tallar magani da mai man shafawa da mai saiwoyi, alhali likita ko sau ɗaya bai ga jikin ba.

A wannan fitowa mun ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtuka, wadda likitoci ke rubutawa da Faransanci pityriasis rosé de Gibert. Mu dai za mu kira ta ƙurajen Jiber don sauƙin faɗi. Mun zaɓe ta ne saboda tsoron da take ba mutane ya fi ɓarnarta yawa, tana kuma cin kuɗi ba gaira ba dalili. Ga shi kuma akwai wani maganin birus, asiklobir, da ake cewa yana gamawa da ita da wuri. Akwai gaskiya a maganar, amma da sharaɗi. Abin da muke so kowace mace ta riƙe shi ne: kuɗin farko na ganin likita ne, na magani sai ya biyo baya, in ma an ce a saya.

Yadda take fitowa

Wani likitan fata na birnin Paris a Faransa, Camille Gibert, shi ya bayyana cutar a 1860, shi ya sa take ɗauke da sunansa. Kalmar pityriasis daga Girkanci take, tushenta dusa, don fatar wurin tana ɗan saɓa kamar dusar gero. Rosé kuwa ruwan hoda ne, launin da take yi a jikin Bature. A jikinmu ba lalle ki ga ruwan hoda ba. Wurin kan yi duhu, ko toka-toka, ko ruwan ƙasa, wani lokaci kuma ƙananan ƙuraje ne masu ɗan tudu. Don haka hoton jikin Bature da ɗiyarki za ta nuna miki a waya zai iya ɓatar da ke.

Cutar tana da tsarin da take bi. Da farko wasu kan ji ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro ko ɗan zafin jiki, irin abin da za mu ce ai masassara ce. Sai tabo guda ɗaya ya fito a ƙirji, ko ciki, ko baya, ko wuya, ko cinya. Siffar ƙwai gare shi, girmansa daga tsabar dala ashirin har zuwa tafin hannun yaro, ga ƴar saɓa ta kewaye bakinsa kamar zobe. Wannan ita ce uwar, kuma a nan ne ake yawan cewa makero ne. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai ƴaƴan su feso da yawa, ƙanana, a ƙirji da ciki da baya da damatsa. A baya sukan jeru suna gangarowa daga ƙashin baya zuwa haƙarƙari, dama da hagu, kamar ganyen reshen dabino. Yawanci ba sa taɓa tafin hannu da tafin ƙafa. Ga yaranmu baƙar fata sukan hau har fuska da kai.

Ta fi kama masu shekara 10 zuwa 35, wato ƴaƴanmu da ƙannenmu da amarenmu, har da wasu a cikinmu. Wata ba ta jin ƙaiƙayi ko kaɗan, wata kuwa har ya hana ta barci, musamman in ta yi gumi. Ga mafi yawan mutane ƙurajen kan baje da kansu cikin mako shida zuwa takwas, ko an sha magani ko ba a sha ba. Wasu kan kai wata uku ko fiye. Bayan sun tafi sukan bar tabo mai duhu ko mai haske, wanda zai iya ɗaukar watanni kafin fata ta koma daidai. Ganin tabon ba ya nufin cutar tana nan. Kuma da wuya ta sake kama wanda ya taɓa yin ta.

To ku lura da wani abu. Wannan bajewa da kanta ita ce ta sa kowane mai magani yake cin nasara a kanta. Wadda ta shafa wani haɗi a mako na shida, ƙurajen suka baje a na bakwai, wallahi za ta rantse haɗin ne, har ta tura maƙwabciyarta ta sayo. Lokaci ne ya yi aikin, mai talla ya karɓi kuɗin.

Daga ina take zuwa

Ba ƙazanta ke kawo ta ba, ba cin kifi da madara ba, ba kuma jifa ko sammun kishiya ba. Abin da binciken likitoci ya fi nunawa shi ne wasu ƙwayoyin birus guda biyu, HHV-6 da aka gano a 1986 da HHV-7 da aka gano a 1990. Kusan dukanmu mun kamu da su tun muna ƙanana. HHV-6 shi ne kan sa jariri zazzaɓi mai zafi na kwana uku ko huɗu, da zazzaɓin ya sauka sai ƙananan ƙuraje su fito su wuce. Daga nan birus ɗin yakan kwanta shiru a jiki shekara da shekaru. Ana ganin farkawarsa ce ke jawo ƙurajen Jiber.

Dangi ɗaya suke da birus ɗin ƙarambau da zona, da na ƙurajen da ke fitowa a leɓe bayan masassara. Sunan dangin herpes. Idan kin ji likita ya ambaci wannan kalma kada gabanki ya faɗi. Akwai ɗan dangin da ake ɗauka ta wajen saduwa, amma wani ne daban. Ƙurajen Jiber ba ciwon sanyi ba ne, ba hujja ba ce a kan miji, ba kuma hujja ba ce a kan mata. Ba sa bin gida kamar ƙazuwa. Ba sai an ware wa yarinya kwanonta da tabarmarta ba, ba sai an hana ta makaranta ko islamiyya ba.

Asiklobir: abin da gwaji ya nuna

Tun da birus ake zargi, sai likitoci suka ce bari a gwada maganin birus. A jikin kwali za ki ga an rubuta aciclovir, sanannen sunansa na kamfani kuma Zovirax. An samo shi a shekarun 1970 a kamfanin Burroughs Wellcome, kuma cikin waɗanda suka yi aikin akwai wata mata Ba'amurkiya, Gertrude Elion, wadda ta samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1988. Aikin maganin shi ne hana birus hayayyafa, amma ba ya fitar da shi daga jiki. An yi shi ne don zona da ƙarambau da sauran cututtukan herpes. In kin buɗe takardar da ke cikin kwalin ba za ki ga ƙurajen Jiber a jerin ba. Likita ne ke ba da shi a kan wannan cuta bisa nasa nazari.

A 2006 wani likita a birnin Jenowa na Italiya, Francesco Drago, da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi a kan mutum 87. Wasu an ba su asiklobir miligiram 800 sau biyar a rana har mako guda, sauran kuma bitamin C kawai. A kwana na 14, kashi 79 cikin 100 na waɗanda suka sha asiklobir ƙurajensu sun baje, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 4 ne kawai. In an kwatanta, masu shan maganin sun rabu da ƙurajen cikin kwana 19 ko kusan haka, sauran kuma kusan kwana 38. Waɗanda suka fara sha a makon farko sun ɗan riga waɗanda suka makara.

Bayan nan an yi wasu gwaje-gwaje a Iran da Indiya, wasu da ƙaramin awo, kuma yawancinsu sun ga amfani. Wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a Indiya a 2016 kuwa bai ga bambanci ba. A 2019 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitoci ta tace shi, ta duba gwaje-gwaje 14 da aka yi da mutum 761 a kan magunguna iri-iri na wannan cuta. Ta ga cewa da alama asiklobir yana sa ƙurajen su baje da wuri, a wani gwajin ma ya rage ƙaiƙayi. Magungunan antibiyotik irin su azitromisin da klaritromisin kuwa ba su nuna wani amfani ba. Mutum 761 ba yawa ba ne, kuma ba dukansu aka ba asiklobir ba, shi ya sa har yanzu likitoci ba sa rubuta shi ga kowa da kowa.

Mu fassara wannan da harshen asusu. Abin da kike saya da asiklobir shi ne makonni: maimakon ki jira shida ko takwas, wataƙila ki rabu da ƙurajen cikin biyu ko uku. Cutar dama ba mai kisa ba ce, kuma tafiya za ta yi. To shin makonnin sun kai a ɗauki rance mai riba? Ga wadda ƙurajenta ba su da yawa, ba sa ƙaiƙayi, riga ta rufe su, amsar ita ce a'a. Ga wadda suka lulluɓe wa jiki, ko ƙaiƙayi ya hana ta barci da sana'a, ko suka zo da zazzaɓi da kasala, ko suka ƙi tafiya, likita zai iya ganin ya dace. In kuwa an riga an kai mako na biyar ko na shida, ribar ta ragu ƙwarai, don ƙurajen sun kama hanya.

Lissafin ƙwayoyi, da abin kiyayewa

Mu yi ɗan lissafi, tun da shi ne aikinmu. A wani gwajin Indiya an ba da miligiram 400 sau uku a rana, kwana bakwai. Ƙwaya 21 ke nan in ta 400 ce, 42 in ta 200 ce. A gwajin Italiya kuwa 800 sau biyar a rana: in ƙwayar 200 aka samu, ƙwaya 140 ke nan a mako guda. Ba mun kawo wannan don wata ta rubuta wa kanta magani ba. Mun kawo shi ne don ku ga cewa kati ɗaya da za a yanko miki a bakin kasuwa bai kai ko kusa da awon da aka gwada ba, kuma tsakanin wannan awo da wancan akwai tazarar kuɗi mai yawa. Likita ne zai zaɓa. In ya rubuta ordonas, ki tambayi mai farmasi ko akwai jenerik, wato maganin nan dai ba tare da sunan babban kamfani ba, don ya fi sauƙin kuɗi.

Asiklobir ta ƙoda yake fita. In jiki ba shi da isasshen ruwa zai iya wahalar da ƙoda. Mun san zafin Yamai a Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke wuce 40, ga mai tuya a bakin murhu tun asuba. Duk wadda aka ba wannan magani sai ta yawaita shan ruwa. Mai ciwon ƙoda, da tsohuwa, da mai shan wasu magunguna kullum, dole su faɗa wa likita kafin ya rubuta. In abin ya faɗo cikin azumi, a yi maganar a fili da likita, don maganin da ake sha sau uku ko biyar a rana ba ya yiwuwa a tara shi tsakanin buɗa-baki da sahur. Yakan kuma sa ciwon kai, tashin zuciya ko gudawa ga wasu.

Akwai asiklobir na shafawa a ƴar ƙaramar tub. Gwaje-gwajen da muka ambata duk a kan na sha aka yi su, don haka kada ki kashe kuɗi a kan na shafawa da sunan wannan cuta. Kafso ɗin nan kuma da ake sha a kan kowace lalura, antibiyotik ne, ba ya taɓa birus. Maganin da ya wuni a tire cikin rana kuwa, ko na gaske ne zafi yana lalata shi, balle a ce ba ki san na gaske ba ne ko jabu. Araha dai ba ta ado.

Kama da wane ba wane ba ne

Babban dalilin da ya sa muke cewa likita tukuna shi ne akwai cututtukan da ke shigar kama da ƙurajen Jiber, kuma su ba sa tafiya da kansu.

Na farko makero. Shi naman gwari ke kawo shi, yana yaɗuwa tsakanin yara, kuma maganinsa daban ne. Asiklobir ba ya yi masa komai. Likita zai iya kankaro ƴar saɓa a duba a gane.

Na biyu, kuma wanda ya fi damunmu, tunjere, wanda likitoci ke kira sifilis. A mataki na biyu yakan fito da ƙuraje a jiki masu kama da na Jiber ƙwarai, sau da yawa ba ƙaiƙayi, kuma yakan taɓa tafin hannu da tafin ƙafa. Shi ma ƙurajensa kan baje, mace ta ce na warke, alhali cutar tana cikin jini tana ɓarna. Ga mai juna biyu tunjere yana sa ɓari, yana kashe ɗa a ciki, yana kuma bin jariri. Gwajin jini ke gano shi, allurar penisilin ke warkar da shi, kuma sai an yi wa miji da mata, har da abokiyar zama in akwai, in ba haka ba ya dawo. Saboda haka in likita ya ce a auna jini kada ki ɗauka zagi ne. Aikinsa yake yi. Haka nan in ya ce a haɗa da gwajin sida, don ita ma a farkon shigarta takan fito da ƙuraje.

Na uku, wasu magunguna da kansu kan jawo ƙuraje irin waɗannan. An san haka ga kaptopril na hawan jini da metronidazol, wanda muka fi sani da Flagyl. Ki ɗauki duk kwalayen da kike sha ki tafi da su. Amma kada ki daina maganin hawan jini da kanki, likita ne zai canza miki.

Na huɗu kuturta. Tabo mai haske wanda ya daɗe, in an taɓa shi da auduga ko tsinke ba ya ji, wannan a kai shi a duba ba tare da jinkiri ba. Kuturta tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne.

Yanzu ku duba. Mace mai tunjere ta ji labarin asiklobir, ta sayo da kanta ta sha, ƙurajen suka baje kamar yadda dama za su baje. Ta yi asarar kuɗi, sannan ta rufe wa kanta ƙofar gano cutar da allura za ta warkar. Wannan ita ce asarar da muke gudu.

Mai juna biyu

Ga mai ciki maganar ta ɗan bambanta. A 2008 likitan nan na Italiya da abokan aikinsa sun ba da rahoton mata 38 da ƙurajen Jiber suka kama suna da ciki. Biyar sun yi ɓari, tara sun haihu kafin lokaci, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda ƙurajen suka fito musu cikin makonni 15 na farko. Binciken da aka yi daga baya ya ga haɗarin bai kai haka ba, kuma mafi yawan mata suna sauka lafiya da ƴaƴansu. Duk da haka ba abin zama a gida ba ne.

Mun san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, musamman na fari, sai ya fito a fara awo. To a nan ɓoyon yana da tsada, don makonnin da ake ɓoyewa su ne masu haɗarin. Amarya ko ƙaramar yarinya da ƙuraje suka feso mata, in ta san ta yi ɓatan wata, ta je awon ciki a makon nan, ta nuna wa ungozomar asibiti jikinta, ta roƙi a auna mata tunjere. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a auna kowace mai ciki tun zuwanta awo na farko. An daɗe ana ba masu ciki asiklobir a kan wasu cututtukan herpes, amma ko za a ba ta a kan wannan, da kuma nawa, likitan da ke duba cikin ne zai yanke. Uwar miji da yayye, wannan aikinku ne: ku raka ta, ba tare da an yayata ba.

Abin da za a yi a gida

In likita ya tabbatar ƙurajen Jiber ne, ya ce a jira, ga abin da ke sauƙaƙa jiran. A yi wanka da ruwa mai ɗan sanyi ko ɗumi kaɗan, don ruwan zafi yana tayar da ƙaiƙayi. Sabulu marar ƙarfi, kuma a ajiye soso, kada a dirje wurin. Bayan wanka a shafa man kaɗe ko basilin, musamman da ɗari lokacin da fata ke bushewa. A sa tufa mai sauƙi na auduga wanda iska ke shiga. A yanke wa yaro farce. In ƙaiƙayi ya matsa, likita yana da ƙwayar ƙaiƙayi da ruwan kalamin, ko wani man shafawa na ɗan lokaci.

Kada a sa kanwa, toka, lemon tsami, jabel ko man birki. Suna ƙone fata, kuma tabon ƙuna ya fi na cutar daɗewa. Tabon da ya rage kuma kada a bi shi da man bilicin. Da yawa cikin waɗannan mayuka akwai kortizon mai ƙarfi a ciki, wanda ke sa fata ta yi siriri ta tsattsage, in kuma makero ne ya ƙara masa faɗi. Tabon zai dushe da kansa, sai dai haƙuri.

A koma wajen likita in ƙurajen sun wuce wata uku, ko sun fito a tafin hannu, tafin ƙafa, cikin baki ko al'aura, ko sun yi ruwa da mugunya, ko zazzaɓi ya ƙi sauka.

Aikin ƙungiya

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ƙarfinmu bai tsaya ga kuɗin da ke cikin akwati ba. Muna haɗuwa kowane mako, muna ganin juna, muna jin abin da ba a faɗa wa maza. Ga abin da muke ba kowace ƙungiya shawara ta tattauna a zamanta na gaba.

Kuɗin taimakon juna, in an fitar da su don ciwon fata, su fara zuwa kan kuɗin mota da ganin likita da gwajin jini. Rancen sayen magani kuwa sai an ga ordonas. Ba don a tona wa kowa asiri ba: shugaba da ma'aji kaɗai sun isa, kuma ba sai an karanta sunan cutar ba. Wadda ta iya karatu ta raka wadda ba ta iya ba. A rubuta ranar da uwar tabon ta fito da ranar da ƴaƴan suka biyo, in akwai waya a ɗauki hoto tun farko, don wannan tarihin yana taimaka wa likita ƙwarai, kuma shi zai nuna ko lokacin asiklobir bai wuce ba.

A fara da asibitin unguwa, wato CSI. In sun ga abin ya fi ƙarfinsu, ko ƙurajen sun ƙi ganewa, a Yamai muna da Cibiyar Ƙasa ta Cututtukan Fata da Kuturta a Bukoki, kuma Babban Asibitin Ƙasa yana da sashen fata. Kada kalmar kuturta ta hana ki zuwa Bukoki, sauran ciwon fata ma ana dubawa. Mai ciki ta bi ta wajen awonta, in da buƙata su za su tura ta gaba, har Maternite Isaka Gazobi.

A gaban likita kada ki ji nauyi. Ki ce: "Likita, mene ne sunan wannan ciwo? Ka rubuta mini. Sai an auna jini? In ban sha magani ba zai tafi da kansa? Yaushe zan dawo?" In ya rubuta asiklobir ki ƙara da: "Sau nawa a rana, kwana nawa, akwai jenerik?" Matambayi ba ya ɓata. In kuma ya ce ba sai kin sha komai ba, kada ki fito kina cewa bai iya aiki ba, ki bi ta wajen mai tire. Ya cece miki jika da yawa ne, sai ki maida su cikin zubi.

Sai abu na ƙarshe, bakinmu. Ƙuraje a jikin budurwa ko amarya, kafin a kai asibiti maganar ta zaga unguwa, wata ta ce sammu, wata ta ce ciwon zamani. Irin wannan magana tana fasa aure, tana kore masu sayen abinci daga rumfar mace, tana sa ta ɓoye jikinta har lokacin magani ya wuce. In kin ga ƴar uwa tana sosa tana jan mayafi, ki ja ta gefe ki ce: "Yaya, mu je a duba, zan raka ki." Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Sakatarorin ƙungiyoyi, a taimaka a karanta wannan shafi da ƙarfi a zaman mako don waɗanda ba su iya karatu ba, a kuma tattara tambayoyin da suka taso a aiko mana. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a asusunmu, ya sauki masu ciki lafiya. Amin.